Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Kwanan baya aka ɗauke ni a mota zuwa birni, wai in halarci baftismar wata tattaɓa-kunnena. Na je, aka zaunar da ni a kujera mai laushi, fanka tana ta kaɗa mini mayafi, na ga abin da ya hana ni sakat har yau. Uwar jaririyar yarinya ce ɗanya shataf, haihuwarta ta fari ke nan, amma tana rungume da 'yarta a gaban surukanta, tana sumbatarta a goshi, tana kiran sunanta kamar mai talla. Uban ma haka, ya ɗaga ta sama yana yi mata wasa, wani yana ɗaukarsu hoto da waya. Babu wanda ya kau da kai, babu wanda ya riƙe baki. Ni kaɗai kunya ta kama a madadinsu, har jikata da ke zaune kusa da ni ta tambaye ni ko zazzaɓi nake ji. Ba zarginsu nake yi ba, zamaninsu ne, kuma sun yi kyau abinsu. Amma tun da na dawo gida zuciyata ta koma wata 'yar unguwa tsakanin Gaya da Ajingi, inda aka kai ni aure ina ƙaramar yarinya mai ƙarfin daka.

Unguwarmu ba ta isa a kira ta gari ba. Gidajen dangi ne 'yan kaɗan, kowanne da dangar kara da rumbuna a tsakar gida, ga wata tsohuwar tsamiya a bakin hanya inda maza ke zama in sun taso daga gona. Kakanninmu Maguzawa ne. A zamanin iyayenmu bishara ta iso, wasu suka karɓa, wasu suka musulunta, wasu kuma suka ce su dai a bar su da abin da suka gada, duk kuwa rijiya ɗaya muke sha. Ta wajen hanyar Kademi Musulmi ne manoma, da su muke gayya, ga kuma Fulani da ke sauka a gonakinmu bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Ba mu da agogo, kunne muke amfani da shi. Kiran sallar asuba da iska ke kawowa daga ƙauyen gaba shi ke tashin mu mata, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai taɓarya ta fara sauka a turmi, gida ya amsa wa gida, har kana iya gane wadda ke daka daga jin lugudenta. Ran Lahadi kuma Malam, wato mai koyar da mu a majami'a, yakan ɗauki guntun ƙarfe ya bugi wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a reshen darbejiya, mu bar abin da muke yi mu nemi zanen fita. Yanzu injin niƙa ya cinye wannan duka. Sai ka kwana ka tashi a unguwar ba ka ji taɓarya ba, daga babur sai rediyo sai waya.

A wancan zamani akwai abin da ba a koya wa yarinya da baki, tana tashi take ganinsa, wato kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta yabonsa, in ya yi kuka a cikin mutane sai ta yi kamar ba ta ji ba har wata ta miƙo mata shi, sannan ta juya baya ta ba shi nono. Uban ma haka, in ɗan ya ɓullo ta nan shi sai ya bi ta can. "Yaron nan" ake cewa, ko "wancan". Wanda bai san abin ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali girmama na gaba ne, nuna wa iyaye da surukai cewa ba ka isa ka yi taƙama da haihuwa ba, alhali su da suka haife ka suna zaune. Musulmi na yi, Bamaguje na yi, Bafulatani ya fi kowa yi, mu ma da muka zama Kirista ba mu bari ba, don ba wanda ya taɓa ce mana kunya zunubi ce. Macen da ta keta wannan kuwa ta shiga bakin duniya ke nan. Har ta tsufa za a riƙa nuna ta ana cewa ga fitsararriyar nan, 'ya'yanta mata ma sai an yi dogon shawara kafin a nemi aurensu.

Uwar mijina, wadda kowa ke kira Iya, ita ce uwar wannan kunya a unguwarmu. Gajeriya ce siririya, ba ta da yawan magana, amma in ta dube ki ta gefen ido sai kin duba ko zanenki ne ya kwance. Mijinta, wato surukina, shi ya fara karɓar baftisma a duk yankin, da furfurarsa, ya kuma rasu kafin a kawo ni gidan. Iya ta zauna da shi har ya koma ga Ubangiji ba ta taɓa furta sunansa ba, na da ko na baftisma. Ta haifi 'ya'ya da yawa tun bishara ba ta zo ba, ƙyanda ta kwashe mata yawancinsu a bazara, an binne su a bayan gonarta. Shi ya sa ba ta wasa da baftismar jarirai. Takan ce waɗancan ta bar su ga jinƙan Allah, ta san ba zai wulaƙanta su ba, amma duk wanda aka haifa a gidanta yanzu ba zai zauna ba hatimin baftisma ba. Ta riƙe ni kamar 'yar cikinta, wannan gaskiya ce. Ita ta koya mini kaɗa miyar kuka ba gudaji, da rufe daddawa har ta nuna, da yadda ake fifita gero ba a bar wa kaji rabi ba. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai dai ta karɓi aikin ta yi a gabana a hankali, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo. Ban taɓa jin tsoron mutum ina kuma ƙaunarsa irin yadda na ji game da ita ba.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidanmu wajen Toranke goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. A can na sauka ana tsakiyar damina, namiji. Na sha wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma, na sha kunun kanwa har ya ginshe ni na shekaru. Ranar suna aka yanka bunsuru, wanzami ya yi aski, Malam ya tako a ƙafa cikin taɓo ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro sunan baftismar kakansa, wato surukina. Kun ga an ɗaure ni ta fuska biyu ke nan. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki, wanda ko ba a kan ɗana yake ba ban isa in kama shi ba. Wannan bai dame ni ba ko kaɗan, haka na ga ana yi. Mutane suka riƙa ce masa Baba Ƙarami, ni kuma ina cewa yaron Iya. Da na gama wanka na koma ɗakina, ƙannen maigida mata ne ke goyonsa wuni guda, ni ina wajen roron gyaɗa da tsinkar wake, sai yunwa ta kama shi a kawo mini. Amma in muna ɗaki daga ni sai shi, nakan zuba masa ido, in murza 'yan yatsunsa, in shinshini kansa, so ya cika mini ƙirji har ya yi mini ciwo. Ina jin motsi a bakin ƙofa zan ajiye shi in jawo faifai in kama tsintar wake.

Baftisma kuwa sai Fada, wato babban limaminmu, ya zo, shi kuma ba ya zuwa sai hanya ta bushe, bayan an kai amfani gida. Tun daga nesa za a ji babur ɗinsa, yara su kwasa da gudu su tarye shi, ga akwatinsa ɗaure a baya. Ya ɗaura aure, ya ji masu furta zunubi, ya yi wa jarirai baftisma, ya wuce wata unguwar, wanda ya rasa wannan zuwan sai wata kakar. Ranar babbar rana ce a gidajenmu, don ba yaron kaɗai ake karɓa ba, zumunci ake ƙullawa. Macen da aka zaɓa ta tsaya wa yaro, wadda muke kira uwar baftisma, ta zama dangi daga ranar. Tana da ikon tsawata masa, tana da ƙwaryarta ranar bikinsa, in uwarsa ta faɗi ita ce ta farko da za a duba. Tsarin da muka sani, wanda wani tsohon Fada Bature yake yi, ya yi daidai da halinmu sai ka ce don mu aka tsara shi. Uwar baftisma ke riƙe jariri, ita ke faɗin suna, ita ke amsa duk tambayoyi, mahaifiya tana can baya cikin mata kanta a sunkuye. A ɗora wa jariri ɗan gishiri a harshe, ya yamutsa fuska, tsofaffi su yi dariya, a zuba ruwa, a tashi. Ni har na zaɓi inda zan ɓuya, bayan wata gwaggon maigida, ƙanwar ubansa, wadda faɗinta ya isa ya rufe mutum biyu.

Sai ga shi a wannan kakar ba Baturen ne ya zo ba. Wani saurayin Fada ne baƙar fata, mutumin kudancin Zariya, Hausarsa a ɗan karkace, ga yawan dariya, amma in ya kafe a kan abu ko jaki sai ya sallama masa. Ana gobe baftisma da la'asar ya tara iyayen jarirai a gindin darbejiya, ya ce an sabunta tsari a ko'ina. Daga yanzu uwa ce za ta riƙe ɗanta a gaban jama'a, iyaye za a tambaya wane suna suka ba shi da abin da suke roƙa masa, su kuma su amsa da bakinsu. Uwar baftisma tana nan, amma a gefe za ta tsaya, mataimakiya. Gishiri ma an daina. Sauran matan ko a jikinsu, duk sun daɗe da wuce haihuwar fari. Ni kaɗai ce mai ɗan fari a wurin.

Malam, Allah ya ba shi hutawa, ya matsa kusa da shi ya yi masa bayanin al'adarmu a hankali. Fada ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba, bai kuma raina ba. Ya ce ya san kunya, su ma a garinsu akwai irinta. Amma ya ce mu duba, jariri ba shi da baki, bai san hagunsa da damansa ba, bai yi wa Allah aikin komai ba, duk da haka Allah yana karɓarsa cikin gidansa, ya wanke shi daga zunubin da kowane ɗan Adam ke zuwa da shi, ya sa masa alamar Almasihu, duka kyauta. Ya ce ai haka muke yi a gidajenmu, yaro yana cin tuwo shekara da shekaru kafin ya san inda ake rataye fartanya, ba wanda ke cewa sai ya yi noma zai zama ɗan gida. To amma tun da yaron ba zai iya amsawa ba, dole wani ya ara masa baki, ya yi alkawarin renonsa cikin wannan bangaskiya har ya girma ya amsa da kansa. Sai ya juyo ya dube ni.

"Wa ke tashi in ya yi kuka? Wa zai fara haɗa masa hannu ya koya masa addu'a? Ba ke ba ce? To Allah yana so ya ji daga bakin mai aikin."

Na yi ta tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba, amma iyayen da ba su shirya amsawa ba sai su dakata har zuwansa na gaba. Zuwansa na gaba kuwa yana bayan bazara, kowace uwa a wurin ta san abin da bazara ke zuwa da shi. Gaskiya ne an ba Malam izinin zuba wa yaro ruwa in rai ya kai maƙogwaro, amma wace uwa ce ke fatan baftismar ɗanta ta zama ta bakin kabari?

Da muka koma gida Iya tana zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa. Maigida ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ta daɗe hannunta bai tsaya ba. Da ta buɗe baki gishiri ta fara yi wa kuka, ta ce ita ba ta ga laifin da gishiri ya yi ba. Daga nan ta ce yaron nan ba zai shiga bazara ba baftisma ba, wannan babu shawara a cikinsa. Ta ce kuma a gidanta ba a taɓa jin suruka ta buɗe baki ta kama sunan mai gidan ba, balle uwa ta kama na ɗan fari, ba kuwa a kanta za a fara ba. Ta faɗi biyun da murya ɗaya, ta ci gaba da ɓare gyaɗarta, ta bar mu mu san yadda za mu haɗa su.

Nan maigida ya gyara zama. Shi fa ya yi ajin yaƙi da jahilci, yana karanta Littafi a majami'a da yatsa a kan layi, ya taɓa zuwa Kano har ya ga jirgin ƙasa, saboda haka yana ji da kansa ɗan zamani ne. Ya ce ai abin mai sauƙi ne. Fada iyaye ya ce, bai ce uwa kaɗai ba. Ni in riƙe yaron kawai, shi zai faɗi sunan, in ma za a yi surutu namiji ya fi iya ɗauka. Iya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, mun ji." A kan riƙon kuma ta yarda, da sharaɗin in ja mayafi in rufe fuska, in riƙe shi kamar ɗan wata ne aka ba ni ajiya.

Washegari tun da sassafe gida ya cika da hayaƙi. 'Yan'uwa daga Gafasa sun iso da ƙwaryar wake da daddawa. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa shiga majami'a, amma matansu sukan zo taya mu girki kamar yadda muke zuwa taya su ranar suna, kuma wani dattijonsu ne ke yanka mana dabba don kowa ya ci hankali kwance. Wata ƙawata Bafulatana ta kawo ƙwaryar nono gudummawa. Da ta ji abin da ake ciki ta dafe ƙirji, ta ce ita ko wuƙa aka ɗora mata a wuya ba za ta ɗauki ɗan farinta a gaban surukarta ba, ta ce ashe addininmu yana da wuya haka. Na ce mata ɗauka kawai zan yi, maigida ne zai yi magana. Ta leƙa ta hango shi yana karya hula a gaban ɗan madubinsa, ta yi wata 'yar dariya da ban so ba.

Majami'armu ɗakin ƙasa ce mai jinka, kujerunta ma na ƙasa ne, maza a ɓangare ɗaya mata a ɗaya. Ranar ta cika har waje, yara sun maƙale a tagogi. Aka kira iyayen jarirai gaba. Matar Malam ce uwar baftismarmu, ta miƙo mini yaron, na karɓa. Yana sanye da 'yar farar rigar da Iya ta ɗinka da hannu, ya yi nauyi, ya yi ɗumi, yana kama bakin mayafina yana kaiwa baki. Ban waiwaya ba, amma ina jin idon Iya a tsakiyar bayana. Fada ya bi layi, kowane uba da uwa suna faɗin sunan ɗansu kamar ba komai ba. Mu ne na ƙarshe. Ya tsaya a gabanmu ya ce, "Wane suna kuka ba wannan yaro?"

Na jira. Maigida ya yi gyaran murya. Ya sake gyaran murya. Na saci kallonsa ta ƙasan mayafi, sai na ga ɗan zamanin nan nawa ya ɗaga kai yana kallon jinka sai ka ce an aike shi ƙirga karare, gumi yana bin wuyansa. Bakinsa ya buɗe ya rufe, ba abin da ya fito. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Ga uwarsa zaune, ga baffanninsa, sunan ubansa ne, sunan ɗan farinsa ne, ajin yaƙi da jahilci bai koya masa wannan ba. Fada ya maimaita tambayar a hankali. Majami'a ta yi tsit, har ina jin kukan kurciya a kan darbejiya. Malam ya buɗe baki zai taimaka, Fada ya ɗaga masa hannu. Sai na ga ya fara rufe littafinsa, yana shirin komawa wajen sauran.

Ba zan ce na yi wani dogon tunani ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne bazara, da 'yan ƙananan kaburburan nan na bayan gonar Iya waɗanda take cire wa ciyawa ba ta ce wa kowa komai. Yaron ya saki mayafi ya dube ni. Sai na ji muryata ta fita da sunan. Na yi nufin in raɗa shi yadda Fada kaɗai zai ji, amma tsoro ya ingiza shi. Ya fita gaba ɗayansa, da ƙarfi, yaran da ke taga suka ji, ina jin har masu girki a gida. Wata tsohuwa a baya ta ja dogon numfashi, 'yan mata suka ƙunshe dariya a mayafi.

Fada bai nuna ya ji komai ba sai sunan. Ya tambayi abin da muke roƙa wa yaron, na ce baftisma. Tun da na riga na fara sai na ƙarasa. Ya tambaya ko mun yarda za mu rene shi cikin bangaskiya, na ce na yarda, a nan ne maigida ya tsinci muryarsa ya ce shi ma ya yarda, da ƙarfi kuwa, sai ka ce shi ya yi aikin tun farko. Fada ya zana wa yaron gicciye a goshi da babban yatsa, ya ce mu ma mu zana, na ɗora yatsana a goshin ɗana kowa yana kallo. Aka ƙi Shaiɗan, aka shaida bangaskiya, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Ya kira sunan yaron, ya zuba ruwan cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ruwan ya gangaro ta kansa ya bi hannuna har gwiwa. Yaron ya tsala ihu. Ni kuwa maimakon in yi kamar ban ji ba, na rungume shi na hau jijjigawa, hawayena suna ɗiga a kan farar rigar. Daɗi ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kunya ma haka, duka a lokaci ɗaya. Aka shafa masa mai, aka ba maigida kyandir ya riƙe, wannan kam ya riƙe shi da kyau.

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Tun a bakin ƙofa na mayar wa matar Malam yaron, na bi bayan mata, ba wadda ta yi mini magana, ƙus-ƙus dai yana ta tashi a gabana. Duka ko zagi ba sa cikin halin Iya, da ma su ne da abin ya zo da sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne ta ɗauke mini fuska, in zama baƙuwa a gidan da aka riƙe ni 'ya, in kuma zama abin misali a bakin rijiya har 'ya'yan da ban haifa ba su gaji abin.

A gida an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida, na majami'a da maƙwabta da ƙawata Bafulatana, labari kuwa ya riga ni isowa. Na zarce bakin murhu na tsuguna ina tura itace a wutar da ba ta bukata. Iya ce ta shigo a ƙarshe, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, aka miƙa mata yaron. Ta shinshini kansa inda aka shafa mai, ta daɗe tana kallonsa. Gwaggon nan da na so ɓuya a bayanta ita ta kasa haƙuri. Ta ce da muryar da take so kowa ya ji, "Yaya, yau kam mun ji abin da kunnenmu bai taɓa ji ba."

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Me kuka ji?"

"Ashe ba ki ji surukarki ba? Har waje aka jiyo ta."

"Ni ban ji komai ba. Allah ne ya yi tambaya, ta ba shi amsa. Ke da kika sa kunne a maganar da ba da ke ake ba, ke ya kamata ki ji kunya."

Sai ƙawata ta fashe da dariya, sauran suka bi, har gwaggon ma daga baya. Iya ta ɗaga murya ta ce, "Ke yarinya, wutar nan ta isa haka. Zo ki karɓi yaron nan, yunwa yake ji." Na zo na durƙusa na karɓa, da za ta sake shi ta ɗan matse hannuna yadda ba wanda ya gani, na juya baya kamar kullum na ba shi nono. Daga ranar ba a sake tayar da maganar ba, a bakin rijiya ma ba a yi ba, don ba wadda ke so a ce ta sa kunne a zancen Allah. Maigida ne kawai ya sha tsiya wurin abokan wasansa, suka shekara suna tambayarsa karare nawa ya samu a jinkar.

Na haifi wasu bayansa, duk na riƙe su a gaban Fada na faɗi sunansu ba wata wahala. Na tsaya wa 'ya'yan wasu, na ga an rushe ɗakin ƙasar an yi na bulo da kwano, ƙwarya ta ba kwanon ƙarfe wuri. Amma abin da na sani game da baftisma a ranar nan na san shi. Mu mun taso ana cewa ɗan fari na manya ne. Ranar na gane shi da manyan duka na Allah ne, riƙo ya ba ni, mai riƙo kuwa dole ta amsa in mai abu ya kira. Yaran yanzu amsar tana zo musu a sauƙaƙe, ina taya su murna. Fatana dai su san nauyin abin da suke faɗa.

Yaron Iya yau furfura ta cika kansa, yana da jikoki. Har gobe ban sake kiran sunansa ga wani mutum ba, ku ma kun ga ban faɗa muku ba, ba kuwa zan faɗa ba. In ya zo gaishe ni "kai" nake ce masa, in ba ya nan "wancan". Amma hukuncin da Iya ta yanke ya bar mini hanya, na kuwa bi ta. Kowace safiya in na durƙusa addu'a, kafin in roƙa wa kowa komai, sunansa nake fara kira, gaba ɗayansa, ba kuma a raɗa ba. Wani lokaci yana tsakar gida yana jira in gama, na san yana jina sarai. Shi ma ɗan gidan Iya ne, bai taɓa nuna ya ji ba.